Gaɓa-gaɓa ko mai gudana: wane irin lokaci ya dace da lissafin jadawalin masana'anta?

Mai_Jadawali

Assalamu alaikum injiniyoyi. Shawara nake nema kan yadda za a shigar da lokaci cikin tsarin MILP (lissafin neman amsa mafi kyau, mai haɗa lambobi da makunnai, wato zaɓin 0 ko 1) na jadawalin masana'antar sinadarai mai aiki zubi-zubi. Ga yadda layin yake.

Matakai uku ne. Injinan gauraya uku, kowane zubi minti 47. Riyakta (tukunyar da sinadarai ke haɗuwa su sauya) huɗu, kowane zubi minti 135. Injin busarwa ɗaya tal, minti 200, kuma shi kowa ke jira. Wanke riyakta minti 25 ne idan kayan da za su biyo baya dangin na farko ne, minti 90 idan wani dangi ne daban. Akwai tanki biyu tsakanin riyakta da injin busarwa. Kaya iri ɗaya daga cikin waɗanda muke yi ba ya jure zama, dole ya shiga busarwa cikin minti 30 da fitowarsa. Kuɗin wutar lantarki yana sauyawa kowace awa, injin busarwar kuma shi ya fi shan wuta. Idan aka haɗa kowane aiki da injin da zai iya yin sa, haɗi 30 ake samu. Jadawalin na mako guda ne, wato minti 10,080.

Da aka yanka makon awa-awa, lissafin ya fito nan da nan, amma ya ce zubi 42 kawai injin busarwa zai ɗauka, alhali kowa ya san zai iya kusan 50. Da aka yanka minti-minti, makunnan 0 da 1 suka kai 302,400, kwamfuta ta kwana ba ta gama ba. Shin in bar yankan nan, wato tsarin gaɓa-gaɓa, gaba ɗaya in koma tsarin lokaci mai gudana, tunda an ce shi ne ke ba da ainihin minti? Ko akwai wata hanya?

Injiniya_Riyakta

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi saurin barin gaɓa-gaɓa. Matsalarka ba ta tsarin ba ce, ta zaɓin tsawon gaɓar ce, ka gwada gefe biyu mafi muni ka tsallake tsakiya.

Fara da dalilin 42 ɗin nan. A wannan tsari aiki ba ya farawa sai a kan gaɓa, tsawonsa kuma sai an cika shi ya zama gaɓoɓi cikakku. A gaɓar awa guda, minti 200 ya koma 240. Raba 10,080 da 240, ga 42 ɗinka. Ba injin ne ya gaza ba, kai ka ɗora masa zaman banza na minti 40 a kowane zubi.

To duba sauran zaɓin. Gaɓar minti 15 ita ce kowa ke fara kai hannu gare ta, don ta saba da agogo. Tana ba da gaɓoɓi 672, makunnai 20,160. A kanta 47 ya zama 60, 135 ya zauna daidai, 25 ya zama 30, amma 200 ya zama 210, zubin busarwa ya tsaya a 48. Yanzu gwada minti 20: gaɓoɓi 504, makunnai 15,120. A kanta 47 ya zama 60, 135 ya zama 140, 25 ya zama 40, 90 ya zama 100, amma 200 ya zauna cif, gaɓa goma, zubi 50. Ka gani, gaɓar da ta fi tsawo ta fi ba da amsa mai kyau, kuma lissafinta ya fi ƙanƙanta. Asarar da ka yi a gauraya da riyakta ba ta da zafi, don suna da rara: riyakta huɗu suna ciyar da injin da ke karɓar zubi ɗaya cikin minti 200. Saboda haka a zaɓi gaɓar da ta raba lokacin injin da ake jira ba saura, sannan a duba ko ta raba minti 60 saboda kuɗin wuta. Ashirin ta cika duka biyun, gaɓa uku a awa, 24 a aikin awa takwas. Minti 25 ko 40 ma sun raba 200, amma ba su raba awa ba, za su rikita maka farashin wuta.

Abu na biyu, yadda ka rubuta sharaɗin cewa inji ba ya ɗaukar aiki biyu lokaci guda. Tsarin STN (taswirar kaya da ayyukan da ke sarrafa su) na asali, wanda Kondili da Pantelides da Sargent suka fitar a 1993 a Imperial College ta Landan, ya yi amfani da babbar lamba M, wadda ke kashe sharaɗi idan makunni ya zama 0, a wannan wuri. A shekarar ce Shah da Pantelides da Sargent suka kawo gyara: a kowace gaɓa t, a tara makunnan duk ayyukan da suka fara a injin daga t−p+1 zuwa t, inda p ke nufin tsawon aikin a gaɓoɓi, jimillar kada ta wuce 1. Babu M ko ɗaya a ciki. Wannan ne sirrin ƙarfin tsarin. Idan manhaja ta sassauta makunnan suka ɗauki kowace ƙima tsakanin 0 da 1, iyakar da take samu tana kusa da ainihin amsa, sai reshen binciken ya taƙaita. Makunnai dubu 15 masu matsattsen sharaɗi sun fi makunnai dubu biyu masu sako-sako sauƙin warwarewa a manhajoji irin su Gurobi ko CPLEX.

Amma wannan sharaɗin ne kuma ya kashe ka a minti-minti. Idan ka raba gaɓa biyu, layukan sharaɗin sun ninka, tsawon kowane layi ma ya ninka, don p ya ninka. Nauyi ya hau sau huɗu ke nan. Daga minti 20 zuwa minti 1, sau ɗari huɗu.

Hajiya_Lissafi

Injiniya ya yi bayani mai kyau, sai dai bari in faɗi abin da ke ɗaya gefen, don mai tambaya ya san abin da ya bari da dalilin barinsa.

A lokaci mai gudana ba a kafa gaɓoɓi tun farko. Ana ba lissafin wasu turaku, a ce guda N, shi zai zaɓi inda zai kafa kowanne, wato lokacin kowane turke T(n) shi ma abin nema ne. Iri uku aka fi sani. Akwai turakun gama-gari, inda duk injina ke bin jeri ɗaya, kamar tsarin Maravelias da Grossmann na 2003 da na RTN (taswirar albarkatu da ayyuka) da Castro da abokan aikinsa suka gina a kan tsarin Pantelides na 1994. Akwai turakun kowane inji da nasa, na Ierapetritou da Floudas a 1998, inda turke na biyar a riyakta ba lallai ya zo daidai da turke na biyar a busarwa ba. Sannan akwai tsarin wa-ke-gaban-wa, wanda babu turke sam, makunni ɗaya ne ga kowane zubi biyu yana faɗin wanda zai riga.

Amfaninsa a fili yake. Minti 47 na nan a 47. Idan tsawon aiki ya dogara da girman zubi, misali minti 120 da ƙarin rabin minti a kowane kilo goma, layi ɗaya ya wadatar, alhali a gaɓa-gaɓa sai an raba aikin gida uku ko huɗu, ƙaramin zubi, matsakaici, babba, kowanne da makunninsa.

Ga inda yake ciwo. Na farko, ba wanda ya san N. Abin da aka saba shi ne a fara da kaɗan, a riƙa ƙara ɗaya har amsa ta daina gyaruwa. Amma wannan dabarar tana yaudara, don amsa kan tsaya cak a N da N+1, sannan ta motsa a N+2. Duk ƙarin turke kuma lokacin warwarewa na tashi da sauri, kuma turakun da ba a yi amfani da su ba suna haifar da amsoshi masu kama da juna da manhaja za ta ɓata lokaci tana bambancewa. A layin mai tambaya, zubi 50 sau matakai uku farawa 150 ne, ban da wanki. Ko da wasu sun haɗu a turke ɗaya, turakun gama-gari za su yi yawa ƙwarai, kuma irin wannan tsarin ba ya daɗi idan turaku suka wuce 'yan gomomi.

Na biyu, babbar M. Don a ɗaure lokaci da makunni sai an rubuta abu kamar: T(n+1) ya kai aƙalla T(n) + p − M(1 − W). Idan W, wato makunnin aikin, ya zama 0.98 a sassauci, kuma M 10,080 ne, an cire minti 201 daga sharaɗin, aikin busarwa ya zama kamar ba ya cin lokaci. Shi ya sa iyakar ke nisa da gaskiya, tazarar da ke tsakaninta da amsa ta ƙi rufuwa. Kuma don Allah kada a sa M ta zama miliyan don neman kwanciyar hankali. Gurobi da CPLEX suna karɓar makunni a matsayin cikakke idan kaucewarsa ba ta wuce 0.00001 ba, in ba a sauya saitin ba. Miliyan sau 0.00001 minti goma ne. Za ka ga zubi biyu sun hau juna da minti goma a inji ɗaya, manhaja kuma ta ce komai lafiya. A ɗauki M mafi ƙanƙanta da za ta yi aiki ga kowane sharaɗi, daga lokacin da zubin zai iya farawa zuwa wa'adinsa.

Na uku, kuma shi ya yanke hukunci a nan, kuɗin wuta. A gaɓa-gaɓa farashin awa lamba ce kawai da aka sani, a ninka ta da makunni, shi ke nan. A mai gudana, tunda ba a san inda turke zai faɗa ba, sai an ƙara makunnai masu faɗin cikin wace awa daga 168 aikin ya fara, wace ya ƙare, da minti nawa ya ci a kowace. An gudu daga yankan lokaci an dawo an yanka shi ta bayan gida, gudun gara an faɗa gidan zago. Haka abin yake ga hutun ma'aikata, gyaran inji, da zuwan ɗanyen kaya a tsakiyar mako. Sundaramoorthy da Maravelias sun gwada tsarukan biyu a kan matsaloli masu yawa a 2011, kuma gaɓa-gaɓa ya fito da ƙarfi fiye da yadda aka daɗe ana ɗauka.

Turakun kowane inji da nasa suna rage N sosai, amma tankunanka biyu na haɗaka ne, kuma lissafin abin da ke cikin tanki a wani lokaci takamaimai shi ne raunin wannan tsarin, tunda agogon injinan ba ɗaya ba ne. Sai an ƙara sharuɗɗan daidaitawa da hattara, in ba haka ba tanki ya cika ya zube a zahiri, a takarda kuma ba a gani ba.

Mai_Jadawali

Na gode Injiniya, na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Na gamsu da minti 20. Saura abu biyu. Kayan nan da ba ya wuce minti 30, yaya zan rubuta shi, tunda 30 ba ta rabu da 20 ba? Sannan jadawalin da za a miƙa wa masu aiki, shin za a rubuta musu 140 ne alhali riyakta na gamawa a 135?

Dattijon_Layi

Ɗan'uwa, tambayoyin nan biyu ai abu ɗaya ne, kuma nan ne mutane da yawa ke zamewa.

Cikon da aka yi wa 135 ya zama 140 ba ya ɓacewa, jira ne na minti biyar da lissafin bai san da shi ba. Idan ka ba kayan damar jiran gaɓa ɗaya, ainihin jiransa 25 ne, yana cikin iyaka. Idan ka cika 30 zuwa gaɓa biyu, ya zama 45, kaya ya lalace. To ƙa'idar ita ce tsawon aiki a cika shi sama, iyakar jira a rage ta ƙasa, bayan an cire cikon da ya gabata: 30 a cire 5, saura 25, a raba da 20, gaɓa ɗaya. Wa'adin kai kaya ma ƙasa ake rage shi, lokacin isowar ɗanyen kaya kuma sama. Duk inda aka yi ciko, a yi shi ta gefen da zai takura lissafi, don abin da ya fito ya yiwu a ƙasa. Ko kuma a jinkirta kunna riyakta da minti biyar don ƙarshensa ya faɗa kan gaɓa, sai dai a nan jiran ya koma kan kayan gauraya, a tabbata su suna jurewa.

Game da takardar masu aiki, a'a, ba 140 za a ba su ba. A yi aikin hawa biyu. Hawa na farko, a warware MILP a gaɓar minti 20. Daga amsar a ɗauki abu huɗu a daskarar da su: wane zubi ya shiga wane inji, jerin zubi a kowane inji, girman kowane zubi, da jerin shiga da fita a kowane tanki. Hawa na biyu, a rubuta LP tsantsa, babu makunni, abin nema kawai lokacin farawar kowane aiki, da ainihin 47 da 135 da 25 da 90. Tunda jeri a daskare yake, babu M, kuma cikin daƙiƙa yake fitowa. Lee da Maravelias sun tsara wannan hanya a rubuce a 2018.

Hattara biyu a hawa na biyun. Idan ka ce masa ya gama da wuri kawai, zai ja komai baya, ya jefa busarwa cikin awar da wuta ta fi tsada, ya rushe abin da hawa na farko ya gina. Ka ƙulle lokutan busarwa inda suke, tunda dama daidai suke a kan gaɓa, ka bar gauraya da riyakta su motsa. Sannan LP ba ya ƙirƙiro zubin da hawa na farko ya rasa. Giɓi yake rufewa kawai. Da ka tsaya a gaɓar awa guda, zai matse maka 42 ɗin su ƙare da wuri, ya bar awa 28 fayau a ƙarshen mako, amma ba zai cike su ba.

Jerin tanki da na ambata, kada a raina shi. A gaɓa-gaɓa, idan tan biyar suka shiga tanki, tan biyar suka fita a gaɓa ɗaya, lissafi ya ga sifili ya wuce. A zahiri famfo na cin minti goma ko fiye, kuma idan shiga ta riga fita a tankin da ke kusa da baki, ya zube. Ko dai a sa lokacin famfo cikin tsawon aikin, ko a tilasta fita ta riga shiga, ko a rage ƙarfin tankin a lissafi da girman zubi ɗaya. Na ukun ya fi sauƙi, ya fi kuma tsada.

Injiniya_Riyakta

Dattijo ya gama magana a kan wannan. Ƙari ɗaya: idan kana son sanin nawa cikon ke ci maka, sake gudanar da tsarin da lokutan da aka rage ƙasa, 47 ya zama 40, 135 ya zama 120, 25 ya zama 20, 90 ya zama 80, ka kuma sassauta iyakar jira da ta tanki. Wannan jadawalin ba zai yiwu a ƙasa ba, amma yana nuna iyakar abin da za a taɓa samu. Idan amsar sama da ta ƙasa sun kusa haɗuwa, ƙanƙanta gaɓa ɓata lokaci ne. Idan sun yi nisa, sauka zuwa minti 10: gaɓoɓi 1,008, makunnai 30,240, inda 47 zai zama 50, 25 ya zama 30, 90 ya zauna daidai.

Inda ban cika yarda da gaɓa-gaɓa ba shi ne wankin da ya dogara da jeri, 25 ko 90. Idan ka rubuta shi a matsayin haramcin kowane makunni biyu, wato zubin dangi A a gaɓa t da zubin dangi B a gaɓa kaza ba za su haɗu ba, sharuɗɗan za su yi yawa kuma su yi rauni. Gara ka mai da wankin aiki mai zaman kansa, ka ba kowane riyakta hali, a ce yana shirye don A ko yana shirye don B, wankin minti 90 ne kaɗai ke sauya halin. Tsarin RTN yana ɗaukar wannan ba wahala, don a wurinsa inji da kaya da hali duk albarkatu ne da aiki ke ci ya fitar.

Hajiya_Lissafi

Haka ne, kuma da dangin kayan sun kai ashirin, babu tanki na haɗaka, babu farashin awa, da shawarata ta juya. A irin wannan hali zubi ba ya gaurayuwa da wani, ana iya ƙayyade su tun farko, sai tsarin wa-ke-gaban-wa ya dace: zubi 50 na ba da makunnai 1,225 a mataki, wato 50 sau 49 a raba biyu. Ko a kai shi manhajar CP Optimizer ko CP-SAT na OR-Tools, inda kowane aiki tsakani ne mai farko da tsawo da ƙarshe. CP-SAT lamba cikakkiya yake so, amma ƙidaya da minti ba ta haifar masa da makunni a kowane minti.

Ba dole ba ne kuma gaɓar ta zama ɗaya ko'ina. Velez da Maravelias sun nuna a 2013 yadda kowane inji da kowane kaya zai samu tasa. Riyakta a minti 15, inda 135 da 90 suka zauna daidai, busarwa a 20. Sai dai gaɓoɓin biyu ba sa haɗuwa sai a kan awa, don haka cikon da aka kora daga tsawon aiki yana dawowa a wurin miƙa kaya, har minti 15, kuma kayan nan mai iyakar minti 30 a wurin yake. Ga wannan layin ban ga ribar ba. Wadda ta fi amfani ita ce gaɓa mai sauyawa da nisa: minti 20 a kwana biyun farko, gaɓoɓi 144, sannan awa guda a sauran kwana biyar, gaɓoɓi 120, jimilla 264 maimakon 504, a riƙa sake lissafi kullum. Amma a tuna awa guda tana rage ƙarfin busarwa da kashi ɗaya cikin shida, don haka lissafin zai ga kamar wa'adin ƙarshen mako ba zai cika ba, ya cusa aiki gaba ba dalili. Minti 40 ko 100 sun fi a can nesa, da matsakaicin farashin wuta.

Dattijon_Layi

Tunda an zo kan sake lissafi kullum, ga abubuwan da ke karya shi a aikace.

Aikin da ke kan wuta lokacin da aka sake lissafi: idan riyakta ya fara minti 50 da suka wuce, saura 85, a cika zuwa 100, a rufe injin gaɓa biyar, a kuma shigar da kayansa a gaɓa ta biyar. Masu mantawa da rabi na biyun suna samun jadawalin da ke sake dafa abin da ke cikin tukunya.

Sifilin lokaci ya faɗa kan awa cif, ba lokacin da aka danna maɓalli ba. Idan ka fara ƙirga daga 7:13, gaɓoɓinka sun bar layin farashin wuta, kuma jadawalin jiya da na yau ba za su hau kan juna ba. A daskarar da awa biyu ko uku na farko yadda jadawalin jiya ya bar su, don an riga an auna kaya an jera.

A ajiye lokaci a matsayin cikakken adadin mintuna daga sifilin, bisa UTC (agogon duniya da ba ya sauyawa), a juya shi zuwa agogon wurin a lokacin bugawa kawai. A ƙasashen da ke sauya agogo da bazara, akwai rana mai awa 23 da mai awa 25, makon ya zama gaɓa 501 ko 507, ba 504 ba.

Ƙarshen mako kuma, lissafi bai san akwai Litinin ba. Zai daina kunna gauraya da riyakta sa'o'i kafin ƙarshe, ya kwashe tankuna, don zubin da ba zai bushe cikin mako ba ba shi da riba a idonsa. Daga gauraya zuwa fitowa daga busarwa gaɓa 20 ne, 3 da 7 da 10, wato minti 400. Ka ƙara aƙalla ninkin wannan a bayan makon, ka yi lissafi da kwana takwas, ka buga bakwai kawai, ko ka sa sharaɗin cewa a gaɓar ƙarshe akwai zubi ɗaya a tanki da ɗaya a riyakta.